Kakar Gasar Firimiya ta Ingila ta 2015–2016

Kakar 2015–2016 ita ce ta 24 tun da aka kafa gasar Firimiya ta Ingila a 1992. An fara taka leda ranar 8 ga Agusta 2015 da ƙungiyoyi ashirin, ciki har da Bournemouth da Watford da Norwich da suka hauro daga gasar Championship. Leicester City ce ta lashe kofin, karo na farko tun kafuwarta a 1884.

A kakar da ta gabata, Leicester ta shafe watanni a ƙarshen teburi, kuma da ƙyar ta tsira daga faɗuwa zuwa gasar Championship bayan ta ci bakwai daga wasanninta tara na ƙarshe. A Yulin 2015 aka ba Claudio Ranieri ɗan Italiya ragamar ƙungiyar, mutumin da Girka ta sallama bayan tsibirin Faroe ya doke ta har gida. Kamfanonin caca sun sa yiwuwar Leicester ta ɗauki kofi a kan ɗaya cikin 5,000.

Ranieri bai cika sauya 'yan wasa ba. Kasper Schmeichel ne a raga, kyaftin Wes Morgan da Robert Huth a tsakiyar baya, Danny Drinkwater da N'Golo Kanté a tsakiya, Jamie Vardy da Shinji Okazaki a gaba. Sukan bar wa abokin karawa ƙwallo ya yi ta juyi da ita, da zarar Kanté ya ƙwace sai a cilla wa Vardy ya sheƙa da gudu. Kanté, wanda aka sayo daga Caen ta Faransa kan kusan fam miliyan 5.6, shi ne ginshiƙin wannan salo, ko da yake sunan masu zura ƙwallo ya fi tashi. Vardy kuwa, wanda a 2012 yake wasa a ƙaramar ƙungiyar Fleetwood Town, ya ci ƙwallo a wasanni goma sha ɗaya a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy ranar 28 ga Nuwamba a karawa da Manchester United. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya ya ci 17, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa kuma ta zaɓe shi gwarzon shekara, ɗan Afirka na farko da ya samu wannan kambu.

A farkon kaka ragar Leicester tana yawan shan ƙwallo, har Ranieri ya yi wa yaransa alkawarin fiza ranar da suka hana a ci su. Sai ƙarshen Oktoba suka cika sharaɗin, da Crystal Palace. Gyaran bayan nan shi ya kawo kofin, domin daga Maris zuwa farkon Afrilu sun ci Watford da Newcastle da Palace da Southampton a jere, kowanne da ci ɗaya mai ban haushi. Kafin nan, ranar 6 ga Fabrairu, sun je har Etihad sun doke Manchester City 3–1.

Chelsea mai riƙe da kofi ta rikice, ta kori José Mourinho ranar 17 ga Disamba, kwana uku bayan ta sha kashi a hannun Leicester, ta kuma ƙare a ta goma. Amma ita ce ta yanke hukunci. Ranar 2 ga Mayu Tottenham, wadda ita kaɗai ta rage da za ta iya kamo Leicester kuma sai ta ci wasan kafin ta ci gaba da neman kofin, tana gaba da 2–0 a Stamford Bridge, gidan Chelsea, sai Gary Cahill da Eden Hazard suka farke wa Chelsea, aka tashi 2–2. 'Yan wasan Leicester suna gidan Vardy suna kallo a talabijin lokacin da kofin ya tabbata nasu.

Leicester ta gama da maki 81, sau uku kacal aka doke ta: Arsenal sau biyu, Liverpool sau ɗaya. Arsenal ta biyo baya da 71, Tottenham 70, Manchester City 66. Harry Kane ya karɓi takalmin zinare da ƙwallo 25, Vardy da Sergio Agüero suna da 24 kowanne. Cikin 'yan Najeriya, Odion Ighalo ya ci wa Watford 15, Kelechi Iheanacho ya ci wa City 8.

Newcastle da Norwich da Aston Villa suka faɗi zuwa gasar Championship, Villa da maki 17 kawai. Wasan ƙarshe na Manchester United da Bournemouth sai 17 ga Mayu aka buga shi, bayan an ga wani abu mai kama da bam a Old Trafford, filin United, daga baya kuma aka gano na atisayen tsaro ne da aka manta.