"Jan dabino": dabinon Sin da ba dabino ba

Kwanan nan duk mai tallan kayan shayi a TikTok sai ka ji yana kiran "jan dabino" ko "dabinon Sin", har wasu masu shirin lafiya a rediyo suna jingina masa falalar dabinon da ta zo a hadisi. Abin nan ba dabino ba ne, ko dangi ba su haɗa ba.

Ɗan'uwan magarya ne da kurna. Masana tsirrai suna kiran jinsinsu Ziziphus: magaryarmu mauritiana, kurna spina-christi, na Sin kuma jujuba. Turawa ne suka ga ya bushe ya yamutse kamar dabino suka laƙaba masa sunan, mu kuma muka kwashi fassarar ba tambaya. Sinawa "hong zao" suke ce masa, yankin Xinjiang ne kan gaba wajen nomansa. Fasa guda ɗaya ka gani: naman ciki kamar soso yake, ba ya danƙo, ƙwallon kuma mai tsini ne kai biyu, babu tsagar nan ta ƙwallon dabino. Da "magaryar Sin" aka ce da an huta.

Sai batun "ƙara jini" da ake cewa yana yi, wanda ya fi komai ban haushi. A likitancin gargajiyar Sin, ciyar da jini na nufin maido da kuzari da hasken fuska, ba awon jinin asibiti ake nufi ba. Sinadarin ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne, fiye da rabin nauyin busasshen kuwa sukari ne, don haka mai ciwon sukari ya yi hattara. Maganin rashin barcin da ake danganta masa ma daga ƙwayar cikin ƙwallon wani irinsa na daji mai tsami ake samunsa, ba wannan ba.

Wurin dafawa, guda 3 zuwa 5 sun isa kofi biyu na ruwa. A tsaga kowanne a cire ƙwallon, domin bawonsa na da tauri, in aka jefa shi a dunƙule zaƙin ba ya fita sosai. A sa citta yanka biyu, a bar shi a wuta kaɗan minti 20. Sinawa kan zuba shi a romon kaza da kunun shinkafa. Yawan cinsa na kumbura ciki. In ka tsaga ka ga baƙi ko saƙa kamar ta gizo-gizo kusa da ƙwallon, ya yi funfuna tun a ajiya, zubar da shi.