Mene ne damfa fuli, kuma me ya sa ba a yi masa walda?

Idan ka buɗe bonet ka bi bel da ido har can ƙasa, za ka tarar da wani faifan ƙarfe mai nauyi da bel ɗin ya zagayo ta kansa. A ƙananan motoci irin su Golf, Corolla da Accord yana gefen inji ne, bayan tayar gaba. Kanikawa na ce masa fulin karanshaf ko fulin inji, masu kayan gyara su ce damfa fuli, a takardun kamfani kuma hamonik balansa. Aikinsa da kowa ke gani shi ne juya bel, bel kuma ya juya altaneta da kwamfiresar AC da famfon sitiyari. Amma da don wannan kaɗai aka yi shi, da gundumen ƙarfe guda ya wadatar.

Gida uku gare shi. Akwai cibiya wadda ake ɗaurewa a bakin karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, akwai zoben waje mai nauyi inda bel ke hawa, sai roba da aka matse a tsakaninsu. Babu abin da ya haɗa ƙarfen ciki da na waje in ba robar nan ba.

Duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, fistin yana dukan karanshaf da ƙarfi. A baya akwai filawil (babban faifai mai nauyi a ƙarshen karanshaf) da giya da nauyin mota gaba ɗaya suna riƙe da shi, don haka ƙarfen yakan ɗan murɗe kamar yadda ake matse wanki, sannan ya warware. Murɗewar kaɗan ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, amma ba ta tsayawa. Inji mai silinda 4 yana samun duka 2 a kowane zagaye. Ke nan in allurar inji ta kai zagaye 3,000 a minti a kan hanyar Daura, duka 6,000 ne a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa. Akwai kuma wani mataki na gudu da dukan ke faɗowa daidai da kaɗawar da ƙarfen ke yi da kansa, sai murɗewar ta riƙa hauhawa. A nan ne karanshaf ke gajiya, ya fara tsagewa. Zoben waje, saboda nauyinsa, ba ya bin kowace fizga nan take; robar ce ke miƙewa tana dawowa, tana shanye fizgar tana mayar da ita zafi. Dabarar ta daɗe, tun wajajen 1910 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar irin tasa, ko da yake tasa ba da roba take aiki ba.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Girgizar da damfa fuli ke kashewa a cikin ƙarfe take, direba ba ya jin ta a kujera. Saboda haka in mota na rawa, ba shi ne farkon abin zargi ba. Motar da ke karkarwa a silo, wato tana tsaye ba a taka totur ba, tana tari, ga ƙaurin fetur a salansa, filogi ko kwayil ko nozul za a fara dubawa. Wadda ke lafiya a fakin amma da an sa giya an taka birki sai dashbod ya kama rawa, musamman in AC na kunne, yawanci injin sit, robar da inji ke zaune a kai, ne ya mutu. Wadda kuwa sitiyarinta ke rawa sai an kai gudun kilomita 90 ko 100, in an tsaya ta yi lif, wannan zancen taya ne, a kai ta balansin. Na fuli yana bin allurar inji: mota na tsaye wuri ɗaya, a ba ta totur, rawar ta ƙaru ko ta sauya, sau da yawa tare da kukan bel ko ƙwanƙwasa daga gefen da fulin yake.

Gwajinsa ba ya cin ko sisi. A tayar da inji, a haska tocila, a kalli bakin fulin daga gefe, hannu da hannun riga nesa da bel (mai babbar riga ya tattare ta tukuna). Lafiyayye yana juyawa kamar a tsaye yake; wanda ya mutu za ka ga bakinsa na lilo. Sai a kashe inji a duba robar: ta tsattsage, ta kumburo waje, ko baƙin mai ya jiƙa ta ta yi laushi? Daga nan a ɗauki alli a ja layi guda tun daga cibiya, a ƙetare robar, har kan zoben waje. A tayar, a kunna AC da fitilu, a murza sitiyari, a ɗan zaga gari a dawo. In layin ya rabu biyu, na ciki na nan na waje ya yi gaba, an gama magana: zoben yana sulɓewa. Shi ya sa wani lokaci fitilar batir ke kamawa, a canza altaneta a banza. A Corolla da Accord masu silinda 4 na shekarun 2003 zuwa 2007 bel ɗin nan ne ke juya famfon ruwa, don haka har zafin inji yana iya jawowa.

Abu biyu ke cin robar a wurinmu. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40, ga na inji a kai. Sai yoyon oyil sil ɗin da ke bayan fulin, wato robar da ke tare man inji, wanda ke ɗiga masa mai kullum.

To, a nan ake jin maganar da ta sa ni wannan rubutu. Direba ya ce, "Oga, lodi na jira na a tasha, ba yadda za a yi?" Bakanike ya ce, "Alhaji, bari yaro ya kai a ɗana masa walda, ya fi sabo ƙarfi." Ana ɗana walda wuri uku ko huɗu, ko a huda a sa notuna, lilo ya ragu, bel ya daina kuka, kowa ya yi murna. Gaskiya ne ya yi ƙarfi, amma ya tashi daga damfa, ya koma ƙarfe zalla. Duk fizgar da robar ke sha yanzu tana komawa kan karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu, da bel da altaneta, ga nauyin walda da ya taru gefe guda. Ba ranar ake ganin sakamakon ba, shi ya sa ba a danganta su. In a kan hanyar Jibiya ya lalace da dare, a yi waldar a iso gida, ban ga laifi ba. A ci gaba da lodi da shi wata da watanni, wannan ganganci ne. Na Beljiyam ma a duba robarsa da kyau kafin a biya, domin shekarunta ɗaya da motar da aka ciro shi.

Wajen canzawa, babban notin tsakiya ne ke ba da wahala. Na Honda ya yi suna: ana ɗaure shi da ƙarfin da ya kai 245 a ma'aunin Nm, kuma akwai maƙalli na musamman mai kusurwa shida da ke riƙe fulin. Wasu kan tokare dogon sifana da shasi su buga sitata don notin ya kwance. A tsofaffin Accord masu silinda 4, na kafin 2003, inji baibai yake juyawa, don haka wannan dabara ƙara ɗaure notin take yi. Golf 3 mai silinda 4 ta fi sauƙi, ƙananan notuna 4 ne ke riƙe da fulinta, ba sai an taɓa na tsakiya ba. Wasu injinan Ford da Mazda kuwa ba su da ɗan makullin da ke tsayar da fuli a kan karanshaf; ka kwance notin ba tare da ka kulle inji ba, taimin ya tafi.

In fulin ya cije, fula, wato ƙarfen zaro fuli, ake sawa ta kama cibiya, ba zoben waje ba, kuma ba a dukan sabo da guduma don ya shiga, domin dukan yana sauka ne a kan metal ɗin da ke hana karanshaf wasa gaba da baya. Tunda an riga an buɗe wurin, a canza oyil sil ɗin, in ba haka ba man da ya ci tsohuwar roba shi zai ci sabuwa. A ɗaure notin daidai ma'aunin da kamfanin motar ya bayar, inda suka ce a sa sabon noti a sa, sannan a sake jan layin alli a duba shi bayan mako guda.