Ɗora manhajar sabar a kan kwamfutar tebur

Ɗora manhajar sabar a kan kwamfutar tebur shi ne a cire babbar manhajar da aka yi domin mutum ɗaya, irin su Windows 11 ko Ubuntu Desktop, a sa wadda aka tsara don yi wa wasu kwamfutoci hidima, kamar Windows Server ko Ubuntu Server. Wasu kan yi haka ne don tsohuwar kwamfuta ta zama ma'ajiyar fayilolin ofis. Wasu kuwa so suke su ci gaba da aikinsu na yau da kullum a kan manhajar da suke ganin ba ta da tarkace.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne tushen manhajojin ɗaya ne. A 1996 wani masanin manhajar Windows, Mark Russinovich, ya nuna cewa sauya saituna biyu kacal a rajistar Windows NT Workstation ta tebur (wato ma'ajiyar saitunanta) kan sa ta riƙa aiki a matsayin ta sabar. Haka zumuntar ta ci gaba: Windows Server 2008 uwa ɗaya suke da Windows Vista, Server 2008 R2 kuma da Windows 7. A lokacin da jama'a ke kukan nauyin Vista, masu harkar kwamfuta da dama sun koma Server 2008 a kan injinansu na gida.

Sai dai wanda ya yi haka a wancan zamani yakan tarar da kwamfutarsa ta yi gum, domin sauti a kashe yake zuwa, sai ya shiga jerin hidimomi ya kunna Windows Audio da hannunsa. Wi-Fi ma sai an ƙara shi daban. In ya zo kashe injin, wani akwati zai fito yana tambayar dalilin kashewar, kuma manhajar shiga intanet ta Internet Explorer kan yi ta gargaɗi a kusan kowane shafi. Ba matsala ba ce, da gangan aka yi, don an ɗauka injin yana can a ɗaki ba kowa a gabansa. Ko rabon ƙarfin injin an karkata shi ga ayyukan da ke gudana a bayan fage. Yawancin manhajojin kashe bairos na kyauta kuwa ba sa yarda su hau.

Babban abin da ake samu shi ne faɗi. Windows ta tebur na taƙaita masu shigowa ɗaukar fayil zuwa 20 a lokaci guda, ta sabar kuma tana ɗaukar fiye da haka, ga Active Directory na kula da asusun ma'aikata. Kuɗin ne ke korar mutane. Tun daga Server 2016 lasisin na bin yawan ƙwayoyin farosesa ne (sassan da ke yin lissafi a cikin kwamfuta), mafi ƙaranci 16, ga kuma lasisin masu shigowa da ake biya daban. Akwai dai Windows Server ta gwaji ta kwana 180. Ga mai kwamfuta ɗaya a ɗaki, da wuya cinikin ya biya.

A ɓangaren Linux, dangin manhajojin da Ubuntu ke ciki, abin bai kai haka wahala ba. Ubuntu Server da Ubuntu Desktop daga rumbu ɗaya suke ɗibar manhajoji, kuma duk kyauta ne. Ta sabar ba ta zuwa da hotuna da tagogi, baƙin allo ne da rubutu, kuma galibi daga wata kwamfutar ake sarrafa ta ta hanyar SSH, wato tsararriyar hanyar aika mata umarni daga nesa. Mai son tagogi zai iya ɗora kunshin ubuntu-desktop daga baya ba tare da ya goge komai ba.

Apple ma ta bi wannan hanya: daga 2011 ta mayar da manhajar sabarta ƙari da ake saye a ɗora kan Mac, kafin ta daina fitar da ita a 2022.