Kiɗan lantarki na gwaji da yadda ake sauraron albam ɗinsa

Kiɗan lantarki na gwaji wani reshe ne na kiɗa da ake haɗawa da na'ura, ko rikoda ko sintisaiza (na'urar da ke ƙirƙirar sauti da lantarki) ko kwamfuta, wanda mai yin sa bai damu ya bi tsarin da kunne ya saba da shi ba, wato baiti da amshi da bugun da za a taka rawa. Wani sa'in babu muryar mutum ko ɗaya a ciki, wani sa'in ma bugun babu, sai dai sauti ɗaya da zai yi ta jan jiki har minti ashirin yana sauya launi a hankali. Yawancinsa ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ne ke fitar da shi, irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da su daga ɗakin kwanansu, ko kuma shi makaɗin ya saki abinsa da kansa a intanet. Kuma galibi albam guda ake yi, ba waƙa ɗaiɗai ba, shi ya sa sauraronsa ma yake da tasa hanyar.

Asali

Masu tarihi sukan fara da Luigi Russolo, wani mai zane ɗan Italiya da ya rubuta a 1913 cewa ƙarar injina da hayaniyar birni su ma kayan kiɗa ne, har ya ƙera akwatunan da ke fitar da irin wannan ƙara. Amma aikin na'urar ɗaukar sauti na gaske sai a shekarun 1940 ya kankama, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ɗaya daga cikin na farko-farko a Afirka aka yi shi. A 1944 Halim El-Dabh, lokacin yana ɗalibi a Alƙahira, ya ari rikoda mai ɗauka a kan waya ya je wajen bikin zar, wanda dangin bori ne (a Sudan ma har zar bori ake ce wa wani nau'insa), ya ɗauki muryoyin matan, ya koma situdiyon gidan rediyo ya yi ta sarrafa su da amsa-kuwwa da tace sauti har ya zama ba a gane kalmomi sai wani irin kuka mai shawagi.

Shekara huɗu bayan nan, 1948, Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa, ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a wata tasha a birnin Paris ya yayyanka ya jera ya mai da su kiɗa. Da faifan garmaho ya fara, yana rufe layin faifan yadda allura za ta yi ta zagaye wuri ɗaya, tef sai daga baya ya shigo. Su kuma Jamusawa a situdiyon gidan rediyon WDR da ke Kolon, wanda aka kafa a 1951, suka ce su ba ruwansu da ɗauko sauti daga waje, daga na'ura za su ƙirƙiro shi tun daga tushe. An ɗan yi zaman doya da manja tsakanin ɓangarorin biyu, har Karlheinz Stockhausen ya gama Gesang der Jünglinge a 1956, inda ya cakuɗa muryar wani yaro da sautin na'ura, ya haɗe hanyoyin biyu wuri guda.

Aikin wancan zamani fa aikin hannu ne sosai. Tef ɗin situdiyo yana tafiyar santimita 38 a daƙiƙa ɗaya, to in kana son sautin rabin daƙiƙa sai ka ɗauki ruler ka auna santimita 19, ka sa alama da fensir, ka yanke da reza, ka liƙa shi da na gaba. In ka juya guntun tef ɗin sautin ya koma baya-baya, in ka ninka gudunsa ya yi siriri ya haura sama, in ka haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe ya yi ta maimaituwa. Minti ɗaya na kiɗa sai ya ci makonni. Duk abin da yaran situdiyo ke yi yau da linzamin kwamfuta cikin ƙiftawar ido, daga nan ya samo asali.

Dalilin da ya sa albam ne ma'auni

A 1967 kamfanin Nonesuch na Amurka ya fitar da Silver Apples of the Moon na Morton Subotnick, wanda ya yi da sintisaizar Buchla. Muhimmancinsa shi ne kamfanin ne ya nemi a yi shi musamman don faifai, ba wai an yi shi don dandali sannan aka ɗauka ba, kashi biyu ne, kowane kashi fuska ɗaya ta faifan. Daga nan tunanin ya zauna cewa falon mutum shi ne wurin wasan, faifan kuma shi ne aikin. Fuskar faifai tana ɗaukar wajen minti ashirin da ɗoriya, CD kuma da ya zo ya ba da minti 74 zuwa 80 ba tare da an tashi juyawa ba, kuma za ka ga tsawon ayyukan yana bin wannan.

Brian Eno ya fitar da Music for Airports a 1978, shi ya yaɗa sunan ambiyent, kiɗan da za ka iya zuba masa kunne ko ka bar shi yana yi kana harkarka. Sai kamfanin Warp da aka kafa a Sheffield ta Ingila a 1989, wanda a 1992 ya fitar da tarin Artificial Intelligence da hoton mutum-mutumi a kishingiɗe kan kujerar falo a bangon, saƙon dai a fili yake, wannan na zama ne ba na rawa ba. A wannan layi Aphex Twin da Autechre suka yi suna. Albam ɗin Aphex Twin na 1994, Selected Ambient Works Volume II, kusan duk waƙoƙin ciki ba su da suna, hotuna aka saka a madadinsu, to ka ga ko so kake ka ce wa abokinka ji lamba kaza sai kun sha bayani.

Ire-irensa

Suna da yawa kuma iyakokin ba su da tsauri, masu saurare ma kullum cikin musu suke kan wane albam ya faɗa ina. Akwai duron, sauti mai tsawo da ba ya yankewa, gwanarsa Éliane Radigue ta Faransa wadda ta shafe shekaru da dama da na'ura ɗaya tak, ARP 2500. Akwai gilich, wanda ke ɗaukar kuskuren na'ura ya mai da shi kiɗa: ƙungiyar Oval ta Jamus a tsakiyar shekarun 1990 sukan yi zane da alƙalamin maka a bayan CD da gangan don ya riƙa tsalle, sannan su ɗauki tsallen su gina waƙa da shi. Akwai na ƙara zalla, wanda Merzbow na Japan ya fi kowa suna a kai, mutumin da a 2000 aka fitar masa da akwati mai CD 50. Sai masu yawo da makirfo suna ɗaukar sautin kasuwa da ruwa da tsuntsaye da tasha.

Wanda ya fi sauƙin nuna wa baƙo yadda abin yake aiki shi ne The Disintegration Loops na William Basinski. A 2001 ya ɗauko wasu tsofaffin zobban tef da ya yi tun farkon shekarun 1980 zai kwafe su zuwa kwamfuta, ashe tef ɗin ya tsufa, duk zagayen da ya yi ta kan na'urar sai garin ƙarfen da ke riƙe da sautin ya ɗan zube. Bai tsayar ba, ya bar rikoda tana ɗauka. Waƙar farko ta haura awa ɗaya, kuma ɗan gajeren sautin kakaki ne na daƙiƙu kaɗan yake ta dawowa. A minti biyar na farko cewa za ka yi abu ɗaya ne ake ta nanatawa. Wajen minti ashirin sai ka lura jelar sautin ta fara gutsurewa, can gaba ramuka sun bayyana a tsakiya, kunnenka da kansa yake cike gurbin saboda ya riga ya haddace. Wanda ya ja gaba ya tsallaka zuwa minti hamsin ba zai ji komai ba sai ɓaraguzai, don abin da ake saurare shi ne lalacewar tana faruwa.

Yadda ake sauraro

Babbar matsalar sabon shiga ba wai kiɗan ya fi ƙarfin kansa ba ne, jira yake yi. Kunnen da ya tashi da waƙa yana jiran mawaƙi ya shigo, yana jiran amshi, in minti biyu ta wuce ba su zo ba sai ya yanke hukunci cewa ba a fara ba. Alhali an fara tuntuni. Abin da ke motsi a nan ba kalma ba ce, kaurin sauti ne da laushinsa da kaushinsa, nisansa da kusancinsa, ko yana dama ko hagu, ko ɗakin da yake ciki babba ne ko ƙarami. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da janareton maƙwabci ya san yadda ƙara ɗaya take rarrabuwa in an daɗe ana jinta, ka ji mai kauri a ƙasa, ka ji wata siririya a sama, ka ji wani kaɗawa da ke zuwa yana komawa. To wannan kunnen ake buƙata, bambancin kawai a nan wani ne ya zauna ya tsara abin da gangan.

Schaeffer ya yi dogon rubutu a 1966 kan sauraron sauti ba tare da tambayar mene ne ya yi shi ba. Da wuya fa, don da ka ji ƙarar ƙofa hankalinka ƙofa zai gani. Pauline Oliveros ta Amurka ita kuma ta mai da zurfafa sauraro darasi da ake koyarwa, bayan ita da abokan aikinta biyu sun shiga wani tsohon tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a jihar Washington a 1988 sun yi ɗauka, wurin da sauti ke ɗaukar kusan daƙiƙa 45 kafin ya mutu.

Sai maganar kayan ji, wadda ba ƙarama ba ce. Kunnen ɗan Adam yana ji daga wajen hertz 20 zuwa 20,000, sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da na ƙasan nan masu kauri, kuma albam da yawa a can rabin aikin yake. Mutum zai kunna a sifikar waya ya ce ba komai a ciki, kuma gaskiyarsa ne, bai ji ba. Iyafis mai ɗan kyau ya wadatar, ba sai an kashe dukiya ba. A kashe shafful mai cakuɗa jerin waƙoƙi, a bi jerin yadda mai shi ya tsara, don sau da yawa ƙarshen waƙa ɗaya shi ne farkon ta gaba. A kuma yi hattara da bolum musamman a ɓangaren masu ƙara, akwai albam da zai yi shiru-shiru ka ƙara murya sannan ya fashe maka a kunne ba sallama.

Ba kuma duk abin da aka kira gwaji ne yake da kyau ba, wannan ya kamata a faɗa. Tunda kowa mai laftof zai iya jan sauti ɗaya na minti arba'in ya sa masa hoton hazo a bango, tarkace sun yi yawa, kuma masu cewa wani abin yaudara ce ba kullum suke kuskure ba. Gwajin da masu saurare suka fi yarda da shi shi ne ji na biyu da na uku: aikin kirki yana fito da abin da ba ka lura da shi ba da farko, na bogi kuwa yadda ka bar shi haka za ka same shi.

Kasuwarsa

Kuɗi kam babu sosai. Manhajojin sauraro irin su Spotify suna ƙirga ji ɗaya ne da zarar an wuce daƙiƙa 30, wato waƙar awa guda da ta minti biyu duk ɗaya ne a lissafi, kuma a Spotify daga 2024 waƙar da ba ta kai ji 1,000 a shekara ba ba a biyan ta komai. Shi ya sa mutanen wannan fage suka taru a Bandcamp, wanda ya fara aiki a 2008, inda ake sayen albam kai tsaye kamfanin ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari na wanda aka sauke, mafi yawan sauran na mai shi. A Maris 2020 lokacin korona suka fara ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe kasonsu. An sayar da Bandcamp ga kamfanin Epic Games a 2022, sannan ga kamfanin Songtradr a 2023. Kaset ma ya dawo a wannan duniyar, don buga kwafi ɗari na kaset ya fi buga faifai araha nesa ba kusa ba.

A Afirka

Bayan El-Dabh akwai Francis Bebey na Kamaru da William Onyeabor na Enugu, wanda ya riƙa fitar da faifansa da kamfanin kansa tsakanin 1977 da 1985, duk da dai nasu ya fi karkata ga rawa. Na kusa da mu shi ne Mamman Sani na Nijar, wanda ya sayo ogan na lantarki ƙirar Italiya ya ɗauki albam a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, yana kaɗa waƙoƙin gargajiya da nasa a hankali ba murya. Kaset ɗin kaɗan aka buga, amma 'yan Nijar sun sha jin kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba tare da sun ɗauke shi wani abin gwaji ba. Kamfanin Sahel Sounds na Portland a Amurka ya sake fitar da shi a 2013, daga nan ya fara zuwa wasa Turai.

A yanzu cibiyar da ta fi tashe ita ce Kampala, inda Nyege Nyege Tapes ke fitar da abubuwa tun 2016, ciki har da kiɗan singeli na Darussalam ta Tanzaniya mai gudun da ke haura bugu 200 a minti. KMRU na Nairobi ya fitar da Peel a 2020 a kamfanin Editions Mego na Vienna, shi kuma Emeka Ogboh ya gina albam ɗinsa na 2021, Beyond the Yellow Haze, a kan sautin titunan Legas, da hon ɗin motocin haya na danfo da kiran kwandastoci da hayaniyar 'yan kasuwa.