Sa hannu a takarda ba shi ne shawara da marasa lafiya ba

An daɗe ana ɗauka cewa idan mara lafiya ya dangwala yatsa a takardar amincewa, ko mai gari ya ce "mun yarda", to an sa jama'a cikin binciken lafiya. Wannan izini ne kawai, kuma yana zuwa bayan an gama tsara komai. Shawara tana zuwa kafin nan.

Duba kala-azar, cutar zazzaɓi da kumburin saifa da wani ɗan ƙuda ke yaɗawa, a Gadarif ta gabashin Sudan, inda akwai Hausawa. Haɗin allura biyun da ake yi yana ɗaukar kwana 17. Likita warkewa yake ƙirgawa. Manomi kuwa tunaninsa wa zai yanke masa riɗi yana kwance, uwa kuma wa zai riƙe sauran yara. Takarda ba ta tambayar wannan.

A zauna da mutum 8 zuwa 12, mata daban, don gaban dattawa ba sa musu. A fara da bayanin cutar da zaɓin da ke akwai, da Hausa, domin Larabcin asibiti yana rufe bakin tsofaffi. A bar su su yi gardama, a biya kuɗin mota, a guji lokacin girbi. Inda aka fi kasawa shi ne dawowa a faɗa musu wace shawara aka ɗauka, wace aka bari, da dalili.