Waiwaye: Kabarin Nkrumah da gardamar da ta ƙi kwanciya

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, ko Satumba ta ƙarato, sai gidajen rediyon Ghana su ɗau zafi kan tambaya guda: mutum ɗaya ne ya kafa ƙasar nan ko mutane da yawa? A 2009 an ware 21 ga Satumba, ranar haihuwar Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, a matsayin ranar wanda ya kafa ƙasa. A 2019 doka ta mayar da wannan matsayi kan 4 ga Agusta, ranar da aka kafa jam'iyyar UGCC mai fafutukar neman 'yancin kai a 1947, don a haɗa da sauran 'yan gwagwarmaya. Matasa da yawa suna ɗaukar abin a matsayin rikicin jam'iyyun yau. Ai kuwa ya girme su nesa ba kusa ba, kuma wanda ya shiga dandalin tunawa da Nkrumah a Accra yana tafiya ne a kan tarihin gardamar.

Farkon labarin kowa ya san shi. A wannan fili, tsohon filin wasan folo na Turawa, Nkrumah ya tsaya sanye da batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana, ya shelanta 'yancin kai a 1957. Ranar 24 ga Fabrairun 1966 aka kifar da gwamnatinsa yana ƙasar Sin, a hanyarsa ta zuwa Hanoi. Aka tumɓuke gunkinsa da ke gaban majalisa, kai ya rabu da gangar jiki, aka haramta jam'iyyarsa ta CPP. Shi kuma ya samu mafaka a Gini.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne 1972. Nkrumah ya rasu ranar 27 ga Afrilu a wani asibiti a Bukarest ta ƙasar Romaniya, aka kai gawarsa Konakiri, inda aka yi masa jana'izar ƙasa a watan Mayu. Daga nan aka shiga kai-komo tsakanin Gini da Ghana kan inda zai kwanta. Gini tana ganin ita ta riƙe shi lokacin da ba shi da wurin zuwa, har ta ba shi muƙamin shugaba na girmamawa. A Ghana kuma ga mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, tana jiran gawar ɗanta. Sai a watan Yuli, bayan fiye da wata biyu, gawar ta iso gida. Mu da muka saba a kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi, wannan jinkiri kaɗai ya isa ya sa mu riƙe baki.

To, ina aka kai shi? Nkroful, ƙauyen da aka haife shi, can yammacin ƙasar kusa da iyakar Kwaddibuwa. A ganina nan aka ɗaure ƙullin da har yau ba a kwance ba. Binne shi a ƙauye ya yi wa kowa daɗi: dangi sun karɓi nasu, masoyansa sun yi kukansu a fili bayan shekara shida suna haɗiye shi, waɗanda ke da ƙorafi kan mulkinsa kuma ba a ɗora musu kabarinsa a tsakiyar babban birni ba. An daidaita kan gawa, amma ba a zauna an daidaita kan mutumin ba. Mai tuna madatsar ruwa ta Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema da makarantun da aka gina ya tafi gida da labarinsa. Wanda aka tsare masa uba ba shari'a a wancan zamani shi ma ya tafi da nasa. Kowa ya ba 'ya'yansa abin da ya riƙe, kuma jikokin ne yanzu ke kiran waya a shirye-shiryen safe.

Shekara ashirin bayan haka, ranar 1 ga Yulin 1992, aka sake kwantar da shi a Accra ƙarƙashin ginin marmara da Don Arthur ya zana, mai siffar takobi da aka kifa, alamar zaman lafiya a al'adar Akan. Wasu kuma kututturen bishiyar da aka sare suke gani, wato aikin da bai kai ƙarshe ba. Ko ginin ma fassara biyu gare shi. A 2007 aka binne matarsa Fathia, 'yar Masar, kusa da shi. An yi wa wurin gyara na zamani aka sake buɗe shi a Yulin 2023, kuma yanzu 'yan makaranta da baƙi daga Amurka ba sa yankewa.

Tsohon gunkin nan da aka tumɓuke a 1966 yana cikin dandalin. Kan ya ɓace shekaru da dama kafin ya dawo hannun hukuma, kuma da ya dawo ba a liƙa shi a wuya ba, an ɗora shi a kan nasa dakalin a gefen gangar jikin. A Nkroful kuwa har yanzu ana share kabarin farko, ana nuna wa masu ziyara, ko da yake babu kowa a ciki.