Horar da tunanin samarin titi a Damagaram: daga ina aka faro?

Samari masu kwana a tasha ko a gindin rumfunan Kasuwar Dole ba baƙi ba ne a Damagaram. Wasu almajirai ne da suka rabu da malamansu, wasu fari ya koro daga karkara, wasu gida ne ya watse. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsuke rayuwa, a shekarun ne kuma fadoji, wato majalisun hirar samari, suka yawaita. Daga baya aka shiga zamanin ƴan pale, wato gungun samari masu ta da rikici, musamman a unguwar Kara-Kara. Matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ba ta ɗauke su aiki ba, sai suka ci gaba da kabu-kabu da sayar da ruwa-ruwa, wato man fetur na fasa-ƙwauri, a bakin hanya. Tarzomar da ta ɓarke a garin a Janairun 2015 ta sa hukuma da ƙungiyoyi suka ƙara maida hankali a kansu.

Maganin da aka fi rungumar shi ne koyar da sana'a: walda, ɗinki, kanikanci, kafinta, a ƙarshe a miƙa wa yaro kayan aiki. Ya taimaki wasu. Amma masu gareji sun san sauran labarin. A aiki yaro ya kawo abu uku, ya dawo da ɗaya. A gwada masa awo, kafin ya kai ga ƙarfe ya manta. A yi masa tsawa gaban abokin ciniki, gobe ba za a gan shi ba. Sai a ce lalaci ne, alhali wanda ya shekara yana barci rabi da rabi don tsoron a kwashe masa takalmi, ga yunwa, ga shan ƙwayar tiramol, dole riƙon magana da natsuwa da haƙurinsa su raunana. Waɗannan abubuwa uku kuwa ana iya ƙarfafa su da horo.

A asibiti aka fara irin wannan horo, ga sojojin da suka ji rauni a ka lokacin yaƙe-yaƙen duniya, sannan ga masu taɓin hankali. Da kwamfuta ta zo aka ɗauka wasannin wasa ƙwaƙwalwa kaɗai sun isa. Gwajin da aka wallafa a Ingila a 2010, kan mutum fiye da 11,000, ya nuna mutum yana ƙwarewa a wasan ne kawai, ƙwarewar ba ta bin shi zuwa wani aiki.

Darasin da ya fi kusa da mu daga Monrobiya ta Laberiya ya zo. An ɗauki samari 999, da yawansu masu kwanan titi da ƙananan sace-sace. Wasu sun yi mako 8 suna koyon danne fushi, tsara gobe da ajiye kuɗi, wasu an ba su dalar Amurka 200, wasu suka samu duka biyun. Waɗanda suka haɗa biyun ne laifinsu ya ragu ƙwarai, har bayan shekara 10. Sai dai samun kuɗinsu bai ɗore da ƙaruwa ba, abin da ke nuna horon ba ya ƙirƙiro aiki inda babu shi.

Don haka a Damagaram wurin wannan horo shi ne cikin gareji da shagon tela. Rukuni kada ya wuce mutum 8, zama sau 3 a mako, minti 45 zuwa awa guda, da safe bayan an karya kumallo. A fara da umarni mai gaɓa biyu, yaro ya maimaita da bakinsa kafin ya tashi, sai a ƙara zuwa uku da huɗu. A sa shi lissafin canji da kuɗi na gaske, ya jera matakan facin taya kafin ya taɓa ta. A kwaikwayi faɗan mai gida, ya koyi yin shiru, ya ja numfashi, sannan ya amsa.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. In ba a ba yaro ɗan abin da zai maye gurbin cinikin yininsa ba, zai koma tasha cikin mako. In mai garejin bai san abin da ake koyarwa ba, da mari ɗaya zai rushe aikin wata. Mai shan tiramol kullum kuwa, a fara haɗa shi da likita, a kuma samar masa wurin kwana mai ƙofa tun kafin zaman farko.